Batirin Jar Mota

Makon jiya bayan an idar da sallar Juma'a a Sterling, nan Amurka, samari uku suka tare ni a wurin ajiye motoci. Ɗaya ya nuna mini hoto a waya: tsohon injin wasan tseren mota, irin wanda ake shiga a zauna, wani ya sa a kasuwa. Wai za su haɗa hannu su saya, su kwashe kayan cikinsa, su sa ƙaramar kwamfuta, su sayar wa masu gidajen shaƙatawa. Mai wayar ya ce, "Alhaji, kwana biyu mun gama." Na ce Allah ya taimaka. Na kuma ce zan rubuta musu abin da na sani, don ba maganar tsaye a rana ba ce. Na haura shekara ashirin da biyar ina saye da sayar da waɗannan injuna, ina gyarawa, ina ajiye su a shagunan mutane. Abin da kuke shirin yi na taɓa yin sa sau ɗaya, kuma zan gaya muku abin da ya ci mini.

Aikina na farko a wannan sana'a dako ne. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Kaduna ba, ina wanke kwanuka a wani shagon fiza a Takoma Park. Akwai injin wasa a lungun shagon, kuma duk ranar Talata wani dattijo yakan zo da jakar kayan aiki ya buɗe shi. Wata rana ruwan zafi ya zubo mini a hannu na ce wayyo Allah. Dattijon ya leƙo daga bayan injin ya ce, "Ɗan wane gari?" Baba Iddirisu ke nan, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekara ashirin. Yana da injuna a warwatse a shagunan wanki da na aski da na abinci, amma bayansa ya fara ciwo. Ya dubi kafaɗuna, bai ma dubi fuskata ba, ya ce in zo ranar Asabar.

Ranar Asabar muka je wani gidan wasa da ake rufewa, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A can na fara ganin injin da wannan labarin yake kansa. Katako ne da ƙarfe aka ƙera kamar gaban mota, ja wur, da kujera da sitiyari da giya, ga totur ga birki. Sunanta na Turanci yana rubuce a goshi, amma Baba bai taɓa kiranta da shi ba. Jar Mota yake cewa, haka ni ma nake cewa har yau. Mun raba ta biyu, duk da haka gaban kaɗai ya kai nauyin bijimi. Matakala goma sha huɗu ce. Baba ya tsaya a sama da igiya, ni a ƙasa, ya ce, "Wanda ke ƙasa shi ke magana, don shi za ta danne. In ka ce tsaya, na tsaya. In ka yi shiru, kai ka sani." A matakala ta tara hannuna ya gaji, na ji kunyar faɗa, na yi shiru. Motar ta zame ta danne mini ƙafa. Farcen babban yatsana na ƙafar hagu bai sake fitowa daidai ba.

Wata shida bai bar ni na taɓa bayan inji ba. Share ƙura, goge gilashi, zare tsinke da cingam daga ramin da ake jefa sule, shi ke nan aikina. Ranar da ya yarda, sai da ya sa na cusa hannun hagu a aljihun baya. Kwalbar talabijin ɗin da ke cikin waɗannan injuna tana riƙe wuta ko an zare ta daga soket kwana da kwanaki, wutar da za ta iya tsayar da zuciya in ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan. Ana ɗaura waya a jikin sukundireba, a maƙala ɗaya bakin a ƙarfen inji, a zura sukundireban ƙarƙashin robar da ke manne a bayan kwalba har sai an ji ƙas. Sannan a sake, don takan ɓoye saura. Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba, filaya, mita, ƙarfen narka dalma, tocila, da madubi da ake jingine wa a gaba don ka ga hoto alhali kana baya kana daidaitawa.

Sai batir. A cikin kowane inji akwai fanel, wani koren faifai da aka jera ƙananan na'urori a kansa, shi ne ƙwaƙwalwar wasan. Da yawa suna da ɗan batir da ke riƙe sunayen waɗanda suka fi maki. In ya tsufa sai ya tsiyayo da wani ruwa mai cin jan ƙarfe, ya lalata fanel. Don haka duk tsohon injin da muka saya, kafin komai, datse batir muke yi mu jefar. Ranar da muka buɗe Jar Mota don yi mata garambawul na miƙa filaya kamar yadda na saba. Baba ya buge mini hannu har filayar ta faɗi.

"Wannan in ka yanke, ka kashe."

Masu ƙera ta a Japan sun gaji da ɓarayin da ke kwafar fanel suna sayarwa da araha. Sai suka kulle wasan, suka ajiye mabuɗin a cikin wani ɗan baƙin akwati a kan fanel, kuma ba abin da ke riƙe wannan mabuɗi sai batir mai faɗin sule. Wuta ta ɗauke masa ko na ƙiftawar ido, mabuɗi ya tafi, fanel ya zama gawa. Canza shi sai an liƙa sabo a gefe tukuna, a tabbatar yana ba da wuta, sannan a cire tsohon. Aikin minti goma ne, amma ba a yin sa da hannu mai rawa.

Ku da kuka tashi da wasa a waya ba za ku gane abin da wannan mota ta yi wa mutane a shekarun tamanin ba. Wasan tsere na farko daga sama ake kallonsa, mota kamar ƙwaro tana zagaya fili. Daga baya aka mayar da ido bayan mota, hanya tana tahowa, amma a shimfiɗe take, zagaye ɗaya kake ta maimaitawa. Ita kuwa hanyarta tana hawa tana sauka, har ba ka ganin abin da ke bayan tudu. Ka jefa kwata, wato sulen santi ashirin da biyar, ka taka totur a ƙaramar giya, in gudu ya hau ka tura babba. Giya biyu ce kacal. Ba wanda kake tsere da shi sai agogo. Motocin da ke kan hanya ba abokan gasa ba ne, cikas ne kawai. In ka isa shinge kafin lokaci ya ƙare a ƙara maka, sai hanya ta rabu biyu, hagu da sauƙi, dama da wuya amma da maki. Bakin teku, sahara, duwatsu, ƙanƙara. In ka goga gefen hanya sitiyari ya yi ta karkarwa a hannunka. In ka daki bishiya mota ta wuntsila, 'yan daƙiƙu sun tafi, kuma waɗannan 'yan daƙiƙun su ne tsakanin mai wucewa da mai laluben wata kwata a aljihu. A jikin fanel akwai ƙananan makunnai da mai inji ke rage lokaci ko ƙarawa da su. Baba bai yarda a matse ba. Ya ce mutumin da ka kora cikin minti ɗaya ba zai dawo gobe ba.

Mun ajiye ta a wani shagon wanki a Takoma Park, tsakanin injin busar da kaya da na lemo, ta yi shekara tara a wurin. Masu tasi da masu gadi da ɗalibai, 'yan Habasha da 'yan Kamaru da masu jin Sifaniyanci, duk sun zauna a kujerar nan. Sau uku na canza mata fata, maɗaurin giya kuwa na daina ƙirgawa, don akwai masu tura ta kamar suna faɗa da ita. A nan na san Rifkatu, 'yar Filato, tana karatun jinya. Ranar Asabar take wanki, takan ware kwata huɗu, ba ta ƙarawa. Kullum dama take bi. A zango na uku akwai wata muguwar kwana, babbar mota ta tare tsakiya, ga allon talla a gefe. Kowa birki yake takawa a nan. Ita ba ta taɓa birki. Sai ta sauke giya ta mayar nan take, tak-tak, mota ta ɗan zame ta bi ta tsakanin babbar motar da allon, ko fenti ba ta gogewa. Na gwada har na gaji ban iya ba. Haruffa ukun farko na sunanta ne a saman jerin gwanaye, har masu tasi suna tambayata wane ne wannan mutumin.

"Malam Tanimu, gaya musu mace ce," in ji ta, "su ji haushi da kyau."

"Sista, so kike su daina sa kwata?"

"Ƙarawa za su yi. Ba ka san maza ba?"

Ta fi ni gaskiya.

Sai kasuwa ta mutu. Injunan wasa suka shiga ɗakunan yara, suka fi namu kyau, kuma ba a jefa musu komai. Masu shago suka fara kira: zo ka kwashe kayanka, firji zan sa a wurin. Manyan dillalai suna farfasa injuna suna zubarwa. A nan ne na zama ɗan kasuwa. Na sayi tsohuwar motar kaya, na kama sito a Sterling lokacin da wurin ba komai sai ciyawa da ƙarar jiragen sama, na riƙa bin duk wanda zai zubar ina ɗauka. Mutanenmu suna dariya, wai Tanimu mai tara akwatuna. Baba ya sayar mini da nasa ya huta, amma bai daina zuwa sito ba. Bayan shekaru, yaran da suka yi wasa da injunan suka girma, suka sami albashi da gidaje masu ɗakin ƙasa. Masu gidajen shaƙatawa kuma suka gano cewa ɗan shekara arba'in zai zauna awa uku a inda ya ga abin yarintarsa. Abin da na tsinta kyauta ya zama kaya. Da shi na yi gida, da shi na je Makka. Amma ku lura, waɗannan masu sayen ba katako da fenti suke saye ba. Abin da hannunsu ya sani suke nema, kuma duk sun san juna, daga Baltimore har Richmond.

Jar Mota ban sayar ba, kuma ga yadda muke kula da batirinta. Baba ba ya ajiye kalanda. Tun muna Takoma Park ya ɗaura abin a kan Babbar Sallah: in an sauko daga Idi, kafin a tafi gona yankan rago, sai a biya a auna. Da na kama sito abin ya zama biki. Da yamma iyalai su zo, a kunna injuna kyauta, ana suya a ƙofa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Ghana, da maƙwabtanmu Kiristocin Kaduna da Filato. Amma da safe mu biyu ne kawai. Baba zai zauna a kujerar roba da babbar rigarsa, in durƙusa in ɗora mita, in faɗa masa abin da ta nuna, ya rubuta da ajami a kan farin salatif ya manna a cikin murfin baya. Salatif kan salatif, shekara bayan shekara. Ban taɓa rubuta abin a wani wuri ba, ban taɓa sa shi a waya ba. Don me zan sa? Wa yake mance ranar Sallah?

Sallar da ta gabaci korona mita ta nuna batir ya fara sauka. Ba ni da sabo a akwati, ga lambarmu ta yanka a gona ƙarfe goma sha ɗaya. Baba ya ce, "Zai kai baɗi. Amma kar ya wuce baɗi, Tanimu." Ya rubuta kalma uku a salatif: Sallah mai zuwa. Ina iya sayo batir a makon in canza a kowace rana. Ban yi ba. A kaina aikin ranar Sallah ne, da Baba zaune a kujera.

Baɗi ta zo da kulle. A mako guda aka rufe duk wuraren da injunana suke. Wasu masu shago suka kira in zo in kwashe, wasu ba su sake ɗaga waya ba, sai da na bi masu gine-gine ina nuna takarda kafin a ba ni kayana. Sito ya cika har ba hanyar wucewa. Na koma kai kayan abinci gida-gida da motar kayana. Baba ya rasu a wannan shekarar a gidan kula da tsofaffi, mu 'yan kaɗan aka bari muka tsaya a maƙabarta, nesa da juna. Da Sallah ta zo ba mu je Idi ba. Na ja iyalina salla a falo, nama ya zo a leda daga gona, ƙarfe goma ina kan babban titin Beltway da kayan mutane. Ba wanda ya ce a biya ta sito. Wallahi ko sau ɗaya batir bai faɗo mini a rai ba.

Saura wata biyu wata Sallar ta zagayo, mai sito ya aiko da takarda. Ya sayar da filin, za a rushe a gina gidan ajiye kwamfutoci irin waɗanda suka cinye Sterling yanzu. Ƙarshen wata in fita. Injuna talatin da ɗaya gare ni. Na zagaya neman wani sito, duk wanda na samu ya fi ƙarfina, masu saye kuwa kowa ya noƙe. Garejina biyu zai ɗauka. Sauran sai gwanjo ko bola.

Ana haka Rifkatu ta kira, ranar wata Talata. Ta zama babbar nas a ɗakin tiyata, ta yi aure, takan zo bikin Sallah da yaranta in ba ta aiki. Ita da mijinta Bitrus sun kama wani zaure a Greenbelt don bukukuwan mutanenmu, suna da aure da taron ƙungiya. Suna so in zuba injuna ashirin a gefe guda, su ba ni ɗakin baya in yi wurin gyara in ajiye sauran. Sharaɗinta ɗaya ne.

"Jar Mota tana nan dai, Alhaji?"

"Tana nan."

"To Asabar za mu zo in zauna a ciki. In tana nan yadda na san ta, Bitrus zai zo da biro."

Laraba da safe na ture injuna na buɗe hanya, na kunna ta. Fitilar goshi ta kama, fanka ta juya, kwalba ta yi haske. Ba hanya, ba mota. Wasu layuka ne kawai masu launi a tsaye. Na zagaya baya na buɗe murfi, ga salatif ɗin Baba daidai idona. Na ɗora mita don dai in cika aiki. Allura ko motsi ba ta yi ba.

Akwai hanyar tayar da irin wannan fanel. Wani mutum a can yammacin ƙasar yana cire baƙin akwatin ya sa wasu na'urori da ba sa buƙatar mabuɗi. Na kira shi, ya ce aiki ya yi masa yawa, wata uku in an yi sauri. Ni kuwa kwana uku gare ni, ko in ce haka na ɗauka. Sai na yi abin da kuke shirin yi. Na sayi 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, na zuba mata kwafin wasan, na haɗa ta da sitiyari da giya da totur, har da ɗan injin da ke girgiza sitiyari. Kwalbar asali na bari. Na ɓoye kwamfutar a bayan mataccen fanel, na ɗaure wayoyi tsaf yadda ko an leƙa ba za a gani ba. Kwana biyu na gama, kamar yadda kuka ce. Na zauna na tuƙa. Launi daidai, kiɗa daidai. Ni ban ji bambanci ba, amma na san yana nan: tsakanin hannu da hoto kwamfuta takan yi ɗan jinkiri, ƙanƙani ƙwarai, wanda mai taka birki a kwana ba zai taɓa ji ba.

Asabar da hantsi suka zo da takunkumi a fuska. Rifkatu ta rame. Na ji labarin cewa korona ta kama ta a wurin aiki har ta kwanta makonni, amma ban gan ta ba sai ranar. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyyar Baba. Sannan ta shafa goshin motar.

"Ita ce dai? Ba ka taɓa mata komai ba?"

"Ita ce, Sista."

"Sunana fa?"

"Dogon kulle ya share sunaye. Sai ki sake rubutawa."

Bitrus ya ce, "Alhaji, samo mini kujera. In ta hau motar nan ba ta jin kira sai la'asar."

"Matsa can, ka tare mini haske," in ji ta.

Ta wuce zangon farko ta bi dama, ta wuce na biyu ta bi dama. Ga kwana, ga babbar mota, ga allon talla. Tak-tak. Ta daki allon, mota ta wuntsila. Ta ce, "Kai!" ta yi dariya. Na sake ba ta wasa. Wuri ɗaya, wannan karon gindin babbar motar ta daka. A na uku ba ta yi dariya ba. A na huɗu ta sauke giya tun kafin lokaci, ta fita daga hanya gaba ɗaya.

Ta saki sitiyari, ta juya tafukanta tana kallo.

"Bitrus, ka gani ko? Na gaya maka."

"Haba Madam, wasa ne fa."

"Ba wasa ba ne. Tun da na tashi daga ciwon nan nake cewa hannuna yana makara. Likita ya ce ba komai, kai ma ka ce ba komai. Motar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba." Ta dube ni. "Alhaji, jibi Litinin ya kamata in koma ɗakin tiyata. Ni ke miƙa wuƙa da almakashi, ga mutum a buɗe a kan tebur. Da wannan hannun? Zan ce su mayar da ni wajen takardu."

Bitrus ya zaro takardar yarjejeniya ya shimfiɗa a kan wani inji, yana ƙoƙarin mayar da abin raha. "Mota dai lafiyarta ƙalau, direba ce ta tsufa. Alhaji, ga biro."

Na karɓi biron. Ina so ku san wannan, don ba labarin jarumta nake ba ku ba. Na karɓa, na karanta shafin farko har ƙasa, na juya na biyu. Injuna talatin da ɗaya suna tsaye kewaye da ni. Rifkatu tana zaune a cikin motar tana matsa yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sai a tsakiyar shafi na biyu na ajiye biron, na ɗauki tocila, na ce su zagayo baya. Na buɗe murfi, na ɗaga fanel, na haska musu 'yar kwamfutar da jar fitilarta. Na faɗi komai: batir, Sallar da ba a yi ba, wata ukun mai gyara, jinkiri.

"Hannunki lafiyarsa ƙalau, Sista. Motar ce ke makara."

Rifkatu ta dubi fitilar, ta dube ni.

"Yaushe ka san ta mutu?"

"Laraba da safe."

"Laraba da yamma na kira ka kan lokacin da za mu zo."

"Kin kira."

"Da ka ce mini wata uku, da na ce kawo su haka nan mu jira. Wata uku mene ne? Shekara nawa na san ka, Malam Tanimu?"

Bitrus ya naɗe takardar, bai ɗaga murya ba. "Alhaji, mabuɗin zaure za mu ba ka, da ɗakin baya, ga yaran mutane suna kai da kawo. Ta tambaye ka da bakinta, ka ce ita ce. Sau huɗu tana faɗuwa kana tsaye." Ya sa takardar a aljihu. "Allah ya ba mu alheri."

A ƙofa Rifkatu ta juyo ta ce, "Na gode da ka buɗe."

Ƙarshen wata na fita. Goma sha ɗaya suka tafi gwanjo a farashin katako. Wasu na raba wa duk mai fili a gareji. Tara ba wanda ya ɗauka. Na zare musu fanel da kwalba, na sa guduma da hannuna na farfasa su don su shiga akwatin shara, ciki har da biyu da muka hau matakala da su ni da Baba. Bitrus bai yi yawo da maganar ba, amma zauren ya buɗe da injunan wani dillali daga Baltimore, kuma a kasuwar nan in an ga haka ana tambaya. Masu kirana sun ragu. Yanzu gyara nake bi gida-gida da jakar kayan aiki, kamar yadda na tarar da Baba. Rifkatu ta koma ɗakin tiyata ranar Litinin ɗin; matata ce ta ji a shagon kayan miyar 'yan Afirka. Suna gaisawa har yau. Bikin Sallah kuwa ba sito, ba biki.

Wanda yake son koyon aikin nan a cikinku ya zo garejina ranar Asabar da mitarsa da takalmi mai kauri. Bayan Jar Mota zan fara kai shi in buɗe murfi. Salatif ɗin yana nan, ban ɓare ba. Wanda ya iya ajami zai karanta da kansa. Fanel ɗin da na aika wa mai gyara ya dawo daga yamma bayan wata huɗu, motar tana aiki, ba ta da sauran mabuɗin da batir zai riƙe. Mai gyaran ya tabbatar mini ta dawo yadda aka ƙera ta, ba jinkiri ko kaɗan. Ni ba zan iya sani ba, ni mai taka birki ne. Mutum ɗaya ce a ƙasar nan za ta iya zama a kujerar ta gaya mini, kuma ba ni da bakin kiranta.